Arzikin Da Ke Cikin Mataccen Batir

Mai karatu zai iya tunawa, wajen ƙarshen daminar 2016 labari ya game ƙasa cewa wani kamfani mai suna Comet Minerals, wanda wani ƙasurgumin mai harkar ma'adinai na ƙasar Ostireliya, Hugh Morgan, yake cikin jagororinsa, ya gano ƙarfen nikel a Dangoma, wani ƙauye da ke cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, ba nisa da Kafanchan. Aka ce ƙarfen ya fito ne 'yan dunƙule-dunƙule, kusan tsantsarsa, irin yadda masana duwatsu ba su saba gani ba. Jaridu suka yi ta yayata zancen, mutanen kudancin Jihar Kaduna kuwa suka fara lissafin dokin rano, domin nikel yana cikin ƙarafan da ake haɗa batirin motoci masu aiki da lantarki da su, duniya kuma ta fara juyawa zuwa ga irin waɗannan motoci.

An kwashi shekaru bayan wannan shela ana jiran gawon shanu, ba a ga mahaƙa ta tashi ba, balle masana'anta. A cikin wannan tsakani kasuwar duniya ba ta tsaya jiran kowa ba. Ƙasar Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel tun daga farkon 2020, ta tilasta wa masu so su zo su narka shi a can, ta cika kasuwa da shi har farashi ya karye. Karyewar ta kai ga a 2024 kamfanin BHP, wanda yake cikin manya-manyan kamfanonin haƙar ma'adinai na duniya, ya dakatar da ayyukansa na nikel a yammacin Ostireliya. Idan giwa ta durƙusa a wannan fage, ina ga zomo?

Haka kuma zancen litiyam, wanda shi ne ya maye gurbin nikel a bakunan mutane. Maƙwabtanmu na Jihar Nasarawa sun ga an buɗe masana'antar tace shi ta kamfanin Avatar a watan Mayu na 2024, a nan Jihar Kaduna ma an ba kamfanin Ming Xin wuri a Kangimi, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, don irin wannan aiki. Amma fa farashin litiyam da ya kai ƙololuwa a watan Nuwamba na 2022, kafin 2023 ta ƙare ya zube da wajen kashi 80 cikin 100. Kuma a watan Disamba na 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna wa duniya yara ƙanana suna tsintar dutsen litiyam a ramukan Pasali da ke Nasarawa, a lokacin da ya kamata a ce suna makaranta. Watau dai arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa na mai dogon aljihu ne da dogon numfashi, talaka kuwa rabonsa a ciki shi ne diga da kwano.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a karanta musu wannan darasi, domin kakanninsu sun biya kuɗin makarantarsa da guminsu. Kafanchan kanta jirgin ƙasa ne ya raya ta. A 1927 aka haɗa dogon da ya taso daga Fatakwal da wanda ya nufi Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga nan zuwa Jos, musamman domin a kai gawayin Inugu wuraren haƙar kuza, a kuma sauko da kuzar zuwa bakin teku. Shekara da shekaru taragu suna wucewa ta tsakiyar garin cike da arzikin ƙasa zuwa Ingila, inda ake narka shi, sai wajen farkon shekarun 1960 aka kafa wurin narka kuza na Makeri a Jos. A zamanin yaƙin Hitila, tsakanin 1942 da 1944, an riƙa kwasar mutane dubbai da ƙarfin hukuma ana tura su haƙar kuza, abin da tsofaffi ke kira diban gwamna, da yawa ba su komo gida ba. Da kasuwar kuza ta duniya ta ruguje a watan Oktoba na 1985, kamfanoni suka naɗe tabarmarsu, suka bar mana kududdufai masu cin mutane da dabbobi. Abin alheri guda da aka tsinta a cikin ramukan shi ne kawunan nan na yumbu da aka fara tonowa a ƙauyen Nok a 1928, waɗanda suka sa duniya ta san cewa mutanen wannan ƙasa suna narka tama fiye da shekara dubu biyu da suka wuce.

To, dalilin da ya sa na ɗauko wannan dogon tarihi shi ne in jawo hankalin masu 'yan kuɗi a hannu zuwa ga wani ma'adini dabam, wanda ba ya bukatar diga, ba ya bukatar lasisin haƙa daga Abuja, kuma kullum ƙaruwa yake yi. Yana nan a bayan shagon bakanike, da ƙarƙashin matakalar asibiti, da ɗakin ajiya na masallatai da majami'u, da gindin kowace hasumiyar wayar tarho. Ina nufin mataccen batir.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya zama abin sai wane da wane, jama'a suka koma ga farantan sola. Daga Kafanchan zuwa Zonkwa, daga Kagoro zuwa Kwoi da Gidan Waya, mai cajin waya da mai sayar da ruwan sanyi da mai ɗakin shan magani duk sun ɗora faranti a kan rufi, kowane faranti kuwa akwai batir a bayansa. Da yawa daga cikin waɗannan batura irin na dalma ne, watau jinsin batirin mota, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859. Ransa gajere ne, shekara biyu zuwa biyar, zafin ƙasarmu da yawan tatsarsa har ƙarshe kuma suna ƙara rage masa kwana. Ma'ana, baturan da aka yi rububin saye a 2023 da 2024 sun riga sun kama hanyar mutuwa, za su kuma mutu kusan a lokaci guda.

Sai dai mutuwar batir ba ta taɓa dalmar da ke cikinsa. Wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa dalma ce, saura kuwa roba ce da ruwan batir, watau asid. Batirin mota mai kilo 15 yana ɗauke da dalma kamar kilo 9, babban batirin sola kuwa, wanda sai ƙarti biyu sun kama, yana kai kilo 60. Dalma ƙarfe ce da ake iya narkawa sau ba adadi ba tare da ta rage daraja ba, kuma farashinta a kasuwar duniya tsakanin 2023 da 2025 bai yi nisa da dala 2,000 kowane tan ba, alhali nikel da litiyam suna ta hawa da gangara kamar guga. A Amurka kusan kashi 99 cikin 100 na irin wannan batir ana mayar da shi masana'anta a ƙera sabo da shi. Babu wani dutse a ƙarƙashin ƙasar Jama'a ko ta Jaba da za a haƙo a tarar da kashi 60 na ƙarfe a cikinsa, an riga an tace, an zuba a akwati mai mariƙi.

'Yan gwangwan sun daɗe da gane wannan, domin su ne ke yawo da baro da sikeli unguwa-unguwa suna saye. Daga hannunsu sai dillalai, daga dillalai sai manyan kasuwannin tsofaffin ƙarafa irin su Panteka a Kaduna, daga nan a loda wa tirela ta nufi kudu. Ban ga laifin neman halali ba, kuma ba domin su ba da batura sun cika mana magudanai. Aibun yana ga yadda ake yin sana'ar. Da yake mai saye dalma yake so, ba ya son biyan kuɗin ruwa, kuma direba ba ya son abin da zai cinye masa bodin mota, sai a ɓalle murfi a tuntsurar da asid a ƙasa, ko a kwata, wani lokaci a bayan gida kusa da rijiya. Ruwan nan ba asid kaɗai ba ne, akwai dalma narke a cikinsa. Waɗansu kuma sukan sa adda su fasa akwatin su zazzage farantan, ƙurar ta bi iska, ta manne a tufafi, a tafi da ita gida inda yara ke rarrafe. Akwai ma masu hura wuta su narka 'yar kaɗan a tukunya, domin dalma ba ta da taurin kai, zafin digiri 327 ya ishe ta, su sayar wa masunta su ɗaura a bakin taru.

Mu 'yan Arewa mun san abin da dalma ke yi wa yaro, mun kuwa san shi ta hanya mafi ciwo. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai haɗe da dalma a cikin gidaje, a turamen da ake daka hatsi. A 2015 abin ya sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Wancan daga dutse ne, amma gubar ɗaya ce da ta batir. A Senegal, a wata unguwa da ake kira Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, domin mutanen unguwar suna fasa tsofaffin batura, mata kuma suna tankaɗe ƙasar wurin suna tsintar ɓurɓushin dalma su sayar. Wanda bai mutu ba ma bai tsira ba. Dalma takan dakushe ƙwaƙwalwar yaro har abada, ta jawo wa mace ɓari, ta lalata wa babba ƙoda, ta hau masa da jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan mizani nata da za a ce ba ya cutarwa. Mugun abin shi ne ba ta da wari, ba ta sa zazzaɓi nan take, sai yaro ya kasa karatu a ce daƙiƙi ne, ko ya riƙa suma a ce iska ce. Af, har tozalin dutse da iyayenmu mata ke ranɗa wa jarirai a ido, galibinsa dutsen dalma ne, wannan kuma magana ce ta wani makon.

Inda tirelolin suke sauke kayansu ma labarin ba daɗi. A watan Nuwamba na 2025 jaridar New York Times da wata ƙungiyar 'yan jarida masu bincike mai suna The Examination suka buga abin da suka gano a Ogijo, wani gari na Jihar Ogun da ke daf da Legas, wanda yake cike da masana'antun narka batir. An gwada jinin mutum 70, aka tarar bakwai cikin kowane goma suna ɗauke da dalmar da ta kai ta cutarwa. Dalmar da ake narkawa a can jirgin ruwa take bi zuwa ƙasashen waje, har da Amurka, a ƙera baturan motoci da ita. Hukumomi suka rufe waɗansu masana'antun, wani babban kamfanin batir na Amurka kuma ya ce ya daina sayen dalmar Nijeriya. Duk wanda ya san tarihin kuza zai gane hoton: ƙarfe ya tafi, dauɗa ta zauna.

Saboda haka idan wani ya zo wa Ƙaramar Hukumar Jama'a ko wani mai martaba da takarda cewa a ba shi fili a bayan gari zai kafa tukunyar narka batir, zai ɗauki samari ɗari aiki, shawarata ita ce a ba shi ruwa ya sha, a raka shi tasha. Masana'antar narka dalma ta gaskiya tana bukatar rufaffen gini mai zuƙe iska, da matatun hayaƙi, da wurin kashe kaifin asid, da injin fasa batir ba hannun mutum ba, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa, da likita mai gwada jinin ma'aikata a kai a kai. Wannan jari ne na biliyoyi, kuma ba zai ci riba ba sai yana samun batura dubban tan a shekara. Duk abin da ya gaza haka, Ogijo ce ake shirin dasa mana a tsakiyar gonakin citta. Mai kuɗin da ke ganin zai tsira da ribarsa ya dubi Kenya, inda mutanen unguwar Owino Uhuru ta Mombasa suka kai ƙarar wata masana'antar narka batir da hukumomin da suka ƙyale ta, kotu ta yanke a biya su shilin biliyan 1.3 a 2020, Kotun Ƙoli ta ƙasar kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Disamba na 2024.

Abin da ya dace da Kafanchan shi ne abin da aka san ta da shi tun 1927, watau mahaɗa. Ko da yake dogon ya yi shiru, hanyoyin mota sun gaje shi: ga ta Kachia zuwa Kaduna, ga ta Kwoi zuwa Keffi da Abuja, ga ta Kagoro da Manchok zuwa Filato, ga ta Gidan Waya zuwa Akwanga. Ma'ajiyar tattara matattun batura a wannan wuri za ta iya janyo kayan ƙananan hukumomi bakwai ko takwas. Ba ta kuwa bukatar abin da ya fi ƙarfin 'yan kasuwa biyar ko ƙungiyar gama kai guda: fili nesa da rijiya da makaranta, daɓen siminti mai ɗan bango kewaye don kada abin da ya zuba ya fita, rufin kwano, katakon jera kaya, sikeli na gaskiya, manyan robobi masu murfi don baturan da suka fashe, farar ƙasa don kashe asid, safar hannu da takalman roba da wurin wanka, domin kada ma'aikaci ya koma gida da kayan aiki a jikinsa. Doka ɗaya ce za ta riƙe wannan wuri, ita ce batir ya shigo da ruwansa, ya fita da ruwansa, ba a buɗe shi ba. Wanda ya kawo wanda aka tsiyaye, a rage masa kuɗi, domin ranar da ɗan gwangwan ya ga cikakken batir ya fi tsada, ranar zai daina zubarwa ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Sana'ar tattarawa ba baƙuwa ba ce a nan. Masu harkar citta na Kachia da Kwoi da Kafanchan sun ƙware a kan sito da sikeli da dillali da lodin mota, kuma tun da annobar ruɓewar citta ta 2023 ta karya da yawansu, sun san haɗarin rataya rai ga kaya iri guda. Amma a nan sai an yi hattara ƙwarai. Kada batir ya kwana a siton da citta ke kwana, kada ya hau motar da za ta ɗauko citta. Ƙasashen da ke sayen cittarmu suna gwada ta, kuma buhu kaɗan da aka samu da dalma sun isa su ɓata sunan yanki gaba ɗaya.

Ta ina kayan za su riƙa zuwa? Hanya mafi sauƙi ita ce ta hannun masu sayar da sabo. Mu da muka girma a zamanin kwalbar lemo mun san kuɗin kwalba: ka ajiye wani abu, in ka komo da kwalba a mayar maka. A Jamus haka ake yi da batirin mota, wanda ya sayi sabo bai kawo tsoho ba sai ya ajiye yuro 7.50. Idan masu shagunan sola da na kayan mota na Kafanchan suka haɗa baki cewa duk wanda ya kawo tsoho za a rage masa farashin sabo, ma'ajiya kuma ta bi su tana kwashewa kowane mako, to rabin aikin ya ƙare.

Ga kuma inda gizo ke saƙar, ba zan ɓoye wa mai son sa kuɗinsa ba. Mai narkawa cikin ƙazanta ya fi mai narkawa cikin tsabta iya biyan kuɗi mai tsoka, domin shi bai kashe ko kwabo a kan matatar hayaƙi ba, huhun maƙwabtansa ne matatarsa. Saboda haka mai ma'ajiyar da ya ce shi sai ga masana'anta mai tsabta zai sayar, zai tarar dillalin da ke gefensa ya fi shi farashi. Abin da zai daidaita wannan sikeli doka ce, kuma akwai ta. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fitar da dokar kula da batir a ƙarƙashin hukumar NESREA, wadda ta ɗora wa masu ƙera batir da masu shigo da shi alhakin bin sawunsa har bayan mutuwarsa, ta kuma wajabta wa masu tattarawa da masu narkawa yin rajista. Masu saye na ƙasashen waje su ma, bayan tonon sililin Ogijo, sun shiga tambayar inda dalma ta fito. Tarayyar Turai kuma ta kafa doka a 2023 cewa daga 2031 sai manyan baturan da za a sayar a can sun ƙunshi wani kaso na ƙarfen da aka sake sarrafawa, kashi 85 na dalma, 16 na kobal, 6 na litiyam, 6 na nikel. Wanda ya fara da rajista da littafin lissafi mai nuna daga ina kowane batir ya zo, ina kuma ya tafi, ribarsa za ta yi ƙaranci a shekarun farko, amma shi ne zai rage a tsaye duk ranar da aka zo da kwaɗo da sarƙa.

Game da baturan litiyam, irin na waya da kwamfuta da sababbin na'urorin sola, a yi sannu. Tatso ƙarafan da ke cikinsu aiki ne na manyan masana'antun haɗa magunguna, har a can ƙasashen ma ba kowa ya sha da daɗi ba, domin kamfanin Li-Cycle na Kanada, wanda aka yi ta yi wa kirari a wannan fage, ya durƙushe a 2025. Irin wanda ya fi shigowa gidajenmu don sola kuwa ba shi da kobal ba shi da nikel, saboda haka gawarsa ba ta da tsada. Abin da ake iya yi a nan shi ne a ware su a wuri dabam, cikin yashi, nesa da na dalma, domin in aka huda su ko aka danne su wuta suke kamawa. Sau da yawa kuma batirin kwamfuta da aka ce ya mutu, ɗaya ko biyu ne daga cikin 'ya'yansa suka lalace, saura suna da rai, yaro mai ilmin lantarki da na'urar gwaji zai iya tsince su ya haɗa fitila ko abin cajin waya.

Saura aikin hukuma, ba kuwa mai yawa ba ne. Ƙaramar Hukumar Jama'a ta keɓe fili guda don wannan sana'a, ta hana fasa batir da zubar da ruwansa a cikin gari, masu unguwanni su sa ido. Hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, ta ɗebi ƙasar filin ta auna tun kafin a sauke batir na farko, domin a sami abin kwatantawa bayan shekara. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan inda ake koyar da aikin gona da ilmin muhalli, ɗalibanta za su iya bin wuraren 'yan gwangwan da bakanikai da rijiyoyin da ke kusa da su suna ɗibar ƙasa da ruwa. Babban asibitin garin kuma a sama masa 'yar na'urar gwada dalma a jini, irin wadda likitocin MSF suka yi aiki da ita a ƙauyukan Zamfara, wadda ɗigon jini daga yatsa ya ishe ta, a fara da 'ya'yan masu sana'ar.